Hannuwana Yake So Ya Aura

Na ga saƙonninku. Masu cewa "Ondina, ki yi haƙuri, halin maza ne," na gode, amma ku adana haƙurin, za ku neme shi idan kun gama karanta na yau. Masu cewa in je coci in nemi sanyin zuciya, na je. Na zauna a bencin baya, na kunna kyandir, na fito da zuciyata yadda na shiga da ita.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Ondina Crevatin, 'yar Trieste ce gaba da baya. Ina zaune da Mamma da yayata Alba a hawa na uku a unguwar San Giacomo. Na yi dakta a kimiyyar ƙera sababbin kayayyaki, ina aiki a cibiyar bincike da ke kan tudun bayan gari. Shugaban cibiyar kawuna ne, yayan Mamma. A gida Zio Ermete muke ce masa, a wurin aiki kuwa Farfesa, kuma ko a lif muka haɗu ba ya nuna ya taɓa ɗaukata a wuya.

Abin da na ƙera tantani ne. Ya fi ɓawon albasa siranta, yana da laushi kamar fatar ido, a cikinsa akwai zaren zinare da ido ba ya gani. Ana shimfiɗa shi a kan ƙwaƙwalwa, ya kwanta luf, ya riƙa sauraron lantarkin da jijiyoyi ke aika wa juna. Idan farfaɗiya za ta taso, akwai ɗan hargitsin da ke fara motsi a ciki kafin mutum ya faɗi. Tantanina yana jin wannan hargitsin. Mun gwada a kan ɓeraye, kuma ya yi.

Ba don neman suna na shiga aikin ba. Alba ce. Tun muna yara take faɗuwa. Duk garin nan da bazara a bakin teku yake kwana ya wuni, amma yayata ba ta taɓa shiga ruwa ya wuce mata gwiwa ba. Ba ta tuƙi, ba ta kulle ƙofar banɗaki. Abin da nake so kawai shi ne wani abu ya ce mata, "Alba, zauna, ga ta nan zuwa."

Sai kuma Tullio Degrassi. Masanin fiziks, dogo, mai gashin da yake shafawa kafin ya yi magana. Shi ya rubuta lissafin da ke tace hayaniya daga abin da tantanin ya jiyo, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, lissafin mai kyau ne. Saurayina ne. Mamma kuwa ta fi ni son sa. Idan ya zo gidanmu, farantin da ba a ba kowa take ba shi.

To, ranar wata Alhamis baƙi suka zo daga wata cibiya a Siwizalan, mai asibitinta na kanta. Suna neman wanda za su ba sabon sashe, ya kai tantanin har ga gwaji a kan mutane. Jagorarsu Dakta Rochat, doguwar mace mai gajeriyar furfura, ba ta murmushi sai da dalili. Tullio ya ce min, "Ke ki ƙarasa aikinki a ƙasa, tauraruwa, lacca ce kawai a kan aikin rukuninmu, na san surutu bai dame ki ba."

Na gama da wuri. Na hau sama da tsohuwar rigar sanyina mai gwiwar hannu a ɓule, na tsaya a bayan zauren.

A kan allon majigi akwai hoton tantanin a kan ɗan yatsa. Yatsana ne, har da tabon ƙunar da tukunyar kofi ta yi min. A ƙarƙashinsa an rubuta suna ɗaya tak, kuma ba nawa ba ne.

Na ji muryarsa tana cewa, "Lokacin da na fara ƙera shi, kowa ya ce min ba zai yiwu ba."

Jama'a, ni aka ce wa haka. Shi ma yana cikin waɗanda suka faɗa.

Na tsaya har ƙarshe, don ina so in ga iyakar abin. A hoton ƙarshe, can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an yi godiya ga masu kula da ɓeraye, da ofishin sayen kaya, da "O. Crevatin, wadda ta taimaka wajen shirya samfura." Aka tafa. Zio Ermete yana layin gaba, shi ma yana tafawa. Na ce a raina, bai lura ba ne, tsufa ya fara taɓa masa ido.

Ban yi kuka ba. Na sauka, na ɗauki jakata, na shiga bas. Kafin mu gangaro gari wayata ta fara rawa, saƙon Tullio ne.

"Tauraruwa, ina kika shige? Rochat ta ce abin ya burge ta."

Sai ga wani ya biyo baya.

"An ce an gan ki a baya. Kada ki fassara abin da ba haka ba."

Na rubuta: "Yatsana ya yi kyau a allo."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Can sai ga shi: "Su mutum ɗaya suke so su gani a gaba, haka tsarin yake. Abin da ya zama nawa ai naki ne. Ki bari sai Lahadi, ina da abin da zai sa ki manta da duk wannan." Har da hoton zuciya guda biyu.

Ku ji min mutum. Ya sace akuya, yana yi wa mai ita alkawarin romo.

Da na shiga gida na tarar da Mamma a gaban keken ɗinkinta, allurai a baki. Ita ke gyara tufafin gidan wasan kwaikwayo tun kafin Babanmu ya rasu, falonmu kullum cike yake da ƙyallaye. Ta zare alluran ta ce, "Zo nan, cire wannan tsummar. Gwada."

Riga ce koriya mai duhu, kalar kwalba, mai dogon hannu, da ƙananan maɓallai da ta lulluɓe da yadin ɗaya bayan ɗaya tun daga wuya har ƙugu.

"Ta mece ce, Mamma?"

"Ta Lahadi. Tullio zai zo cin abinci, da mahaifiyarsa." Ta kalle ni ta saman tabarau. "Sinyora Gigliola ba ta hawa bene uku don ta sha miya. Tsaya daidai."

"Mamma, yau ya tsaya gaban mutane ya ce shi ya yi aikina."

Hannunta bai ko tsaya ba. Ta ja yadin a kafaɗata ta soka allura. "To? Da wani ne ya ce, ai da sai ki yi fushi. Mijin da za ki aura ne."

"Bai aure ni ba."

"Saboda kina sa tsummokara kina warin ɓera. Shekarunki talatin da ɗaya, Ondina. 'Yar Sinyora Licia ta ƙasa, wadda kika girma, yaranta biyu. Ni kuma kullum in aka tambaye ni a kasuwa sai in ce kina bincike. Binciken me? Har yanzu ba ki samo ba?"

Daga kan kujera Alba ta ce, "Ta samo, Mamma. Wani ne ya tsince." Tana kwance da littafi a kan ƙirji, ƙafa a kan hannun kujera.

"Ke ba da ke nake ba."

"Ai ba a taɓa yi da ni ba. Shi ya sa nake jin komai."

Washegari na je ofishin Zio. Ya ɗaga hannu tun ina bakin ƙofa, waya a kunnensa, ya ce, "Ba yanzu ba, Dakta Crevatin. Za mu yi magana." Ba mu yi ba.

Lahadi ta zo da iska, irin bora ɗin nan da ke kaɗa tagogi har sai an tokare su. Mamma ta tashi tun da safe ta dafa miyar wake da kabeji mai tsami, ta soya ƙananan kifi, ta fito da farin mayafin tebur na kakarmu wanda ko ranar Kirsimeti sai an roƙe ta. Na sa koriyar rigar. Alba ce ta ɓalla min maɓallan baya, tana yi tana tsaki.

Sinyora Gigliola ta iso tana haki, da kek a kwali da sarƙar lu'ulu'u a wuya. Ta sumbace ni a kumatu biyu, ta riƙe hannuwana tana juya su. "Kai, yarinya, hannunki duk ya bushe. Ba komai, in kin huta zai dawo." Zio Ermete ma ya zo, da kwalbar ruwan inabi, ya zauna a kujerar Babanmu. Tullio ya sa shuɗin kwat, ya kawo wa Mamma furanni, ya ce miyarta ta fi ta mahaifiyarsa, uwayen biyu suka yi dariya kamar an biya su.

Da na kwashe faranti zuwa kicin sai ya biyo ni, ya tura ƙofa da ƙafa.

"Har yanzu fushi kike?"

"Ina wanke faranti ne."

Ya zo bayana ya dafa kafaɗuna. "Saurara. Sun kusa ba ni sashen. Gida a bakin tafki, Ondina, ɗakin gwaji sabo fil. Tare za mu tafi. Abu ɗaya ya rage." Ya rage murya. "Rochat za ta dawo ƙarshen wata. Tana so a ƙera tantanin a gabanta, tun daga farko har a ɗora shi a kan zinare. Matar nan ba ta yarda da hoto."

Na rufe famfo.

"Ba wani abu ba ne," in ji shi. "Ke za ki yi, ni ina bayani. Za mu ce kina bin tsarin da na koya miki. Kin san ni da aikin hannu, ko ƙwai ban iya fasawa ba." Ya yi dariya.

A nan komai ya fito min fili. Tantanin nan a kan ruwa ake haɗa shi, yana yawo kamar maiƙo. Ɗago shi daga ruwan zuwa kan zaren zinare shi ne duk aikin: in ka yi sauri ya yage, in ka yi jinkiri ya naɗe, in numfashinka ya yi ƙarfi ya gudu. Na lalata ɗaruruwa kafin hannuna ya gane. Tullio bai taɓa ɗago ko ɗaya ba. Shekaru muna tare, duk lokacin da Mamma ta taɓo zancen aure sai ya ce sai aiki ya daidaita. Yanzu kwatsam ga uwarsa a falonmu da lu'ulu'u.

Ba ni yake so ya aura ba. Hannuwana yake so ya tafi da su Siwizalan, ni kuma dole in bi tunda a jikina suke.

Na juyo na gyara masa kwala. Na ce, "Ƙarshen wata ka ce?"

"Ƙarshen wata."

"Mu je, kek na jira."

Bayan an yanka kek ɗin ya miƙe, ya shafa gashi, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya tsakanin tebur da keken ɗinki. Zoben kakarsa ne, mai jan dutse. Mamma ta riga ta fara share ido tun kafin ya buɗe baki. Ya yi jawabi a kan haske da ƙaddara da yadda ƙwayoyin zarra biyu ke haɗuwa. Na bar shi a durƙushe har sai da na ga gwiwarsa ta fara rawa.

Sannan na ce, "Na yarda."

Alba ta ɗirka min ƙafa a ƙarƙashin tebur, har cokali ya yi tsalle.

Baƙi na fita ta ja ni zuwa ɗakinmu ta rufe ƙofa. "Ke ce mai ciwon kai ko ni? Cire abin nan kafin yatsanki ya ruɓe."

Na zauna a bakin gado na gaya mata duk abin da ya ce a kicin, da abin da na ƙudura. Ta saurara, bakinta a ɗan buɗe, sai wani murmushi ya fara fito mata a gefe.

"A gaban matar?"

"A gabanta. In na ƙi shi yau, zai samu lokacin ƙirƙiro wata ƙarya, ya ce na'ura ta lalace, ya ɗage ranar. Ina so ya shiga ɗakin nan da kwanciyar hankali."

"Muguwa. Ashe 'yar'uwata ce ke."

Amma akwai abin da ke cin raina, sai na faɗa mata. "Alba, idan ya kunyata a gabansu, suna iya cewa duk aikin ƙarya ne. Su tattara su tafi. Su ne masu asibiti. In suka tafi, ban san yaushe tantanin zai kai ga mutum ba. Gare ki nake nufi."

Murmushin ya ɓace. Ta zo ta tsaya a kaina.

"Kada ki kuskura ki sa ni a tsakiya. Tun ina 'yar shekara bakwai ake cewa saboda Alba. Ba za mu je tsibiri ba saboda Alba. Mamma ba za ta sake aure ba saboda Alba. Yanzu ke ma za ki auri ɓarawo saboda Alba? Na iya jira, na ƙware a kai. Abin da ba zan iya ba shi ne a buɗe min kai a shimfiɗa min abu da sunan wannan mai shafa gashin." Ta ɗaga min haɓa. "Ki ƙone shi."

Makonnin da suka biyo baya, ban taɓa zama budurwa ta gari kamar su ba. Na amsa kowane saƙo da hoton zuciya. Na raka shi ya sayi akwatuna. Na zauna ina jin sa yana gaya wa abokan aiki a wurin shan kofi cewa zai yi kewarsu. Na bar Sinyora Gigliola ta kai ni wurin mai gyaran farce. Har na taimaka masa ya tsara bayanin da zai yi, na ce, "Ka fara da cewa hannu ne sirrin abin, za su so haka." Ya sumbaci goshina ya ce ban da ni da bai san yadda zai yi ba. Gaskiya ɗaya ke nan da ya faɗa a watan.

Kada ku ɗauka ban ji komai ba. Mutumin nan ya taɓa hawa tudu a cikin ruwan sama don ya kawo min miya ina zazzaɓi. Wani lokaci in ya yi dariya sai in ji tsohon abin ya motsa. Sai in tuna ƙananan baƙaƙen nan a ƙasan allo, tsakanin ɓeraye da ofishin sayen kaya, abin ya koma ya kwanta.

Ranar ta zo, da safe. Ɗakin da muke ƙera tantanin ba a yarda ƙura ko gashi ɗaya ya shiga ba. Akwai ƙaramin ɗakin canza kaya a gabansa, inda ake sa farar riga tun daga kai har ƙafa, da takunkumi, da safar hannu. Doka ce a cire agogo da zobe. Na zare zoben kakarsa, na zura shi a aljihun shuɗin kwat ɗinsa da ke rataye, na shiga.

Fitilun ciki rawaya ne. Dakta Rochat ta sa farar rigar ita ma, ta tsaya kusa da teburin, idanunta kawai ake gani. Mutanenta biyu da Zio Ermete suna waje, suna kallo ta gilashi. Na shirya komai yadda ya kamata, don kada a ce na yi maguɗi: tasoshin ruwa huɗu, kowanne da tantani yana yawo a kai, ga zaren zinare a jere, ga hantsaki.

Tullio ya fara bayani, muryarsa kamar ta mai karanta labarai. Ya yi maganar lantarki, ya yi maganar jijiyoyi, ya ce hannu ne sirrin abin. Sannan ya juyo gare ni. "Yanzu mataimakiyata za ta ɗago na farko, bisa tsarin da na koya mata."

Na ɗauki hantsakin. Na juya shi, na miƙa masa ta wajen mariƙi.

"Dakta Rochat ta yi doguwar tafiya don ta ga wanda ya ƙera shi yana ƙera shi," na ce. "Ga wuri, Dakta Degrassi."

Na ja da baya har bayana ya taɓa bango, na harɗe hannuwa.

Ya yi wata 'yar dariya a cikin takunkumi. "Ondina tana son wasa."

"Ni ma na fi so in ga hannunka," in ji Rochat. "Ci gaba."

Ya karɓa. Ya sunkuya a kan tasa ta farko, numfashinsa ya kori tantanin zuwa gefe, ya bi shi da hantsaki, abin ya naɗe ya zama kamar zaren gizo-gizo da aka murza. Ya ce ruwan ya yi sanyi. Na biyun ya ɗago da sauri, ya rabe biyu a iska. Gumi ya jiƙa masa gefen hula. Na ukun ya manne a safar hannunsa, ya tsaya yana yarfe shi kamar wanda majina ta kama.

Ƙarar injin tace iska kawai ake ji.

Ya matso kusa da ni, ya yi magana ƙasa-ƙasa da harshenmu na gari don kada ta ji. "Ondina, don Allah. Ki tuna abin da ke tsakaninmu."

Na amsa da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ni samfura kawai nake shiryawa. Haka aka rubuta."

Na jira wannan lokacin, na ɗauka zan ji kamar an sauke min dutse. Abin da na ji ya fi haka daɗi, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa na ji kunyarsa ba.

Rochat ta dubi tasa ta huɗu, ta dube ni. "Saura ɗaya. Dakta Crevatin, ko?"

Na karɓi hantsakin daga hannunsa. Na sunkuya, na riƙe numfashi, na shigar da zinaren ta ƙarƙashin ruwa, na bar tantanin ya zo da kansa. Ya hau, ya kwanta, babu ko lanƙwasa. Na ɗora a ƙarƙashin madubin ƙara girma na matsa mata. Ta daɗe tana kallo.

"Tun yaushe kike wannan?"

"Tun kafin ya san inda ƙofar ɗakin nan take."

Ta gyaɗa kai. "Ina so mu zauna da ke bayan cin abinci. Ke kaɗai." Ba ta ko kalli Tullio ba. Ya fita, na hango shi ta gilashi yana fizgar rigar daga jikinsa, ya sa kwat, ya zura hannu a aljihu. Na ga lokacin da yatsunsa suka taɓa abin da ke ciki. Ya tsaya cak, sannan ya wuce bai waiwayo ba.

Na fito ina jin ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Ina ciro waya in rubuta wa Alba, sai na ji an riƙe min gwiwar hannu. Zio Ermete ne. Ya ja ni zuwa ƙarshen baranda, inda ake ajiye tulunan gas. Fuskarsa ta yi ja har kunne.

"Kin san abin da kika yi?"

"Na nuna aikina, Farfesa."

"Kin tozarta cibiyata a gaban baƙi."

"Tullio ne ya tozarta ta. Shi ya cire sunana."

Ya sake ni. Ya ciro tabarau ya goge da gefen riga, a hankali, kamar yadda yake yi in zai kayar da ɗalibi.

"Tullio ba shi da wannan ƙarfin halin," in ji shi. "Ni na ce ya cire."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Ke 'yar ƙanwata ce. Idan sunanki ya fito a gaba, duk garin nan za a ce Ermete ya share wa jininsa hanya, ni kuma ina neman a sabunta min kujerata a bana. Yaron zai samu sashen, ya aure ki, ki bi shi, ki ci gaba da aikinki a ɗakinsa. Abu bai fita daga gida ba. Wa ya yi asara?"

"Ni, Zio."

"Ke me kika sani? An tsara miki rayuwa mai kyau, kin sa ƙafa kin shure." Ya mayar da tabarau. "Kuma kada ki tsaya kina kallona kamar ni kaɗai ne. Je ki tambayi uwarki. A kan teburinta muka yanke maganar, mu uku, ita ta zuba mana kofi. Sharaɗinta ɗaya ne, ya kawo zobe kafin a ba shi sashen."

Ya juya ya tafi wurin baƙinsa, yana gyara murmushi tun daga nesa.

Na tsaya tsakanin tulunan gas. Ashe duk wannan watan kare nake bi da sanda, mafarautan suna zaune a falonmu.

Wayar ta yi rawa a hannuna. Mamma ce. Na san Sinyora Gigliola ta riga ta kira ta. Na bar ta ta yi ta ringi har ta kusa tsinkewa, sannan na ɗaga.

"Ondina, me nake ji? Wace irin kunya ce kika jawo mana?"

"Mamma," na ce, "ki ajiye ɗinkin nan, ki zauna. Ina da ganawa da baƙuwar bayan cin abinci, kuma za ta tambaye ni wanda ya cire sunana. Kafin in ba ta amsa, ina so in ji daga bakinki: sunan mutum nawa zan faɗa?"

Can daga nesa, ta cikin wayar, na jiyo muryar Alba tana cewa, "Mamma, me ya sa kika yi fari haka?"